Man da ya nutse cikin ƙasa: yadda ake bin sawunsa, da abin da "an tsaftace" ke nufi

Idan tankin gidan mai ya yi yoyo ko bututu ya fashe, sanarwar da ke biyo baya kan yi kamar tana karo da juna. Kamfani ya ce ya kwashe man, ya gama aiki. Hukumar lafiya ta ce kada a sha ruwan rijiyoyin da ke kusa har sai abin da hali ya yi. Bayan shekara biyu ko uku kuma sai a ji masana sun ba da shawarar a bar sauran man inda yake, wai ƙasa za ta cinye shi da kanta. Duka ukun suna iya zama gaskiya a wuri ɗaya. Man da ido ke gani, wanda ake zuƙewa da famfo a loda wa tanka, shi ne mai sauƙin. Wanda ya maƙale tsakanin ƙwayoyin ƙasa shi ke yanke tsawon aikin, kuma ba a sanin halin da yake ciki sai ta hanyar awo na shekaru.

## Inda man ke shiga bayan ya ɓace wa ido

Nauyin litar fetur giram 720 ne zuwa 780, na dizal 820 zuwa 850, na ruwa kuwa 1,000. Saboda haka idan mai ya tsiyaya, yakan yi ta gangarawa har ya iske saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, sannan ya fara bazuwa gefe-gefe. Mutane da yawa sun ɗauka kwanciya yake yi a kan wani tafki na ƙarƙashin ƙasa. Ruwan nan kuwa yana zaune ne cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse, man kuma yana kutsawa cikin ƙofofin yana raba wuri da ruwa da iska. Kamar soson da aka tsoma a mai ne: ko an matse shi iya ƙarfi, wani kaso ba zai fito ba.

Daga nan man kan rabu gida huɗu. Akwai wanda yake nan da ruwa-ruwansa, yana iya kwarara ya shiga rijiya. Akwai wanda ya maƙale ɗigo-ɗigo ko ya liƙe a jikin ƙasa, famfo ba ya iya janyo shi. Wani ya zama tururi yana yawo a iskar cikin ƙasa. Sai ɗan abin da ya narke a ruwa, wanda a nauyi shi ne mafi ƙanƙanta, amma shi ke tafiya nesa, shi ke isa kofin sha.

Hawa da saukar ruwa suna ƙara dagula lamarin. Da damina ruwan ya taso ya ɗaga man sama, da rani ya sauka ya ja shi ƙasa, kowane zuwa da dawowa yana shafe man a jikin ƙasa gwargwadon tazarar da ruwan wurin ke hawa da sauka. Wannan shafaffen yanki shi ne tushen gurɓata. Duk ruwan da ya ratsa ta cikinsa sai ya ɗebi rabonsa, ya wuce gangare, ya bar doguwar jela ta gurɓataccen ruwa.

A fetur, sinadarai huɗu aka fi sa wa ido, ana haɗa su da sunan BTEX: benzin, toluwin, etilbenzin da zailin. Benzin ne babban abin tsoro, domin an tabbatar yana haddasa kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar maikrogiram 10 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a litar ruwan sha, Amurka ta sa 5, Tarayyar Turai ta sa 1. Lissafin ba shi da wuya. Litar fetur mai benzin kashi 1 cikin 100 tana ɗauke da kusan giram 8.8 na benzin, wanda ya isa ya kai lita 880,000 na ruwa iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ruwan da ke gogayya da irin wannan fetur kai tsaye yana iya ɗaukar kimanin miligiram 20 a lita, wato ninki 2,000 na iyakar. Dizal da kananzir ba su da benzin sosai, ba sa narkewa ko tashi kamar fetur, amma sun fi daɗewa a ƙasa.

Saurin jelar ya danganta da irin ƙasar. A yashi mai barin ruwa ya wuce, inda saman ruwan ke gangarawa da mita 5 a kowace kilomita, ruwa na iya yin santimita 20 a rana, sama da mita 70 ke nan a shekara. A yumɓu, 'yan santimitoci ne a shekara. A dutse mai tsaga kuwa ba a iya yi masa hasashe: man na iya tsallake rijiyar da ke kusa ya ɓulla a wadda ke nesa. Rijiyar burtsatse da ake ja da ƙarfi tana iya karkato jelar zuwa kanta, ko da ba can ruwan ya nufa ba tun asali.

## Me ya sa ake daɗewa ba a gane ba

Fashewar bututu ana ganinta a rana ɗaya. Yawancin gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa daga ƙaramin yoyo take, wanda ba a jin ƙararsa ko warinsa a sarari: tankin ƙarfe da tsatsa ta huda, mahaɗar bututu da ta saki, cika tanki har ya tumbatsa lokacin sauke mai, ɗigon da ke ƙarƙashin famfon sayarwa. A wurare da dama bututu da mahaɗa ne ke fara ba da matsala kafin jikin tankin.

Gwajin ƙarfin tanki da dokar Amurka ta amince da shi dole ya iya gano yoyon lita 0.38 a awa. Yoyon da ya tsaya daidai wannan iyaka zai zubar da fiye da lita 3,300 a shekara, kuma a wurin da ake sayar da dubban litoci kullum, wannan giɓi yana ɓacewa cikin kuskuren sandar awo da kumburin mai saboda zafi. Shi ya sa daidaita lissafin abin da aka sauke, da abin da aka sayar, da abin da ya rage, ba a yanke hukunci da na rana ɗaya. Ana duba na wata guda: giɓin da kullum ɓangare ɗaya yake karkata alamar yoyo ce. Ruwa a gindin tanki ma alama ce, don ramin da ruwa ya shiga ta nan mai zai fita.

Amurka ce ta fi tara bayanai a kan wannan. A 1984 majalisarta ta sa tankokin ƙarƙashin ƙasa cikin doka, a 1988 hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da ƙa'idoji, aka ba masu tsofaffin tankoki zuwa Disambar 1998 su gyara, su canza, ko su rufe. Daga lokacin zuwa yanzu an tabbatar da yoyo sama da 500,000. Maganin da aka koma gare shi shi ne tanki da bututu masu bango biyu da na'urar da ke jin ɗigo a tsakaninsu, da kariyar lantarki da ke hana ƙarfe tsatsa, da na'urar da ke tsayar da mai kafin tanki ya cika.

## Rijiyar sa ido da kwalbar samfuri

Bincike kan fara da haƙa ƙananan ramuka a kewayen tanki da layin bututu, ana ɗibar ƙasa mataki-mataki, ana auna tururinta nan take da na'urar hannu don a zaɓi wadda za a kai ɗakin gwaji. Ba a gauraya samfurin ƙasa idan sinadari mai tashi ake nema, domin juyawar kawai ta isa ta kore shi.

Wasu ramukan sai a mayar da su rijiyoyin sa ido. Ana saka bututun PVC mai faɗin milimita 50, wanda ƙasansa ke da 'yan tsaga-tsaga da ruwa ke shiga, a zuba wankakken yashi a kewayen tsagar, a toshe samanta da yumɓun bentonait, a rufe baki da siminti da murfi mai kulle. Ba a haɗa bututun da gam, sai da murɗi, don gam ɗin kansa yana sakin sinadarai cikin ruwa. Kuskuren da ya fi kowane ɓata aiki shi ne wurin da aka ajiye tsagar. Dole ta ratsa saman ruwan, wani sashe a sama wani a ƙasa, yadda ko ruwa ya hau ko ya sauka samansa na cikin tsaga. Idan aka nutsar da ita duka, man da ke yawo a sama ba zai taɓa shiga ba, rahoto ya fito cewa babu mai, alhali yana jingine da bayan bututun. Wani kuskuren shi ne huda shimfiɗar yumɓu ba tare da an killace ramin ba, wanda ke buɗe wa man ƙofa zuwa ruwa mai zurfi da a da yake a kare.

Aƙalla rijiya uku ake bukata, ba a jere a layi ɗaya ba, a auna tsayin bakin kowace daidai, kafin a san inda ruwan ya nufa. Ɗaya tana zama a saman gangare don a san yadda ruwan yake kafin ya iso wurin. Wata kuma ana kafa ta tsakanin ƙarshen jelar da rijiyar da mutane ke sha, ita ce mai gadi.

Ranar ɗibar samfuri, ana fara auna zurfin ruwa da kaurin man da na'ura mai bambanta su. Sannan a fitar da ruwan da ya kwana a bututu, ko dai ninki uku na abin da rijiyar ke ɗauka, ko a ja a hankali, mililita 100 zuwa 500 a minti, har awon tsami da na oksijin su daina motsi. Samfurin BTEX yana shiga 'yar kwalba mai mililita 40 wadda aka ɗiga wa asid. Ana cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, a rufe, a kife ta, a ƙwanƙwasa da yatsa. In an ga kumfar iska ta taso, a sake ɗiba, domin benzin zai gudu cikin kumfar. Ana ajiye ta a sanyin da ke kusa da digiri 4, a gwada cikin kwana 14. Tare da kwalaben akwai wata mai tsabtataccen ruwa da ba a buɗe ta ko kaɗan; in aka ga benzin a cikinta, to a hanya ko a ɗakin gwaji aka gurɓata samfuran.

Karatun sakamakon ma yana da tarko. Kaurin man da aka auna a rijiya ba shi ne yawan man da ke cikin ƙasa ba; rijiya wuri ne da mai ke taruwa, musamman a ƙasa mai laushi. A yawancin wurare kaurin yana ƙaruwa idan ruwa ya sauka, ya ragu ko ya ɓace idan ruwa ya hau ya danne man cikin ƙofofi. Wanda ya auna a tsakiyar damina kawai zai iya rantsuwa man ya ƙare. Don haka ake awo duk wata uku, shekara da shekaru, a kwatanta damina da damina, rani da rani.

## Hanyoyin fitar da shi, da inda kowace ke gazawa

Matakin farko ba ya canzawa: a kwashe abin da ke tanki, a toshe yoyon. Tsaftace jela an bar tushe yana nan, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Tono ya fi komai sauri idan gurɓatar ba ta da zurfi. Ana ɗibar samfuri daga bango da gindin ramin kafin a cike shi, in ba haka ba babu shaidar an kai ƙarshen man. Ba ya yiwuwa a ƙarƙashin gini, yana wahala a ƙarƙashin ruwa, kuma ƙasar da aka tono tana bukatar magani. Galibi ana shimfiɗa ta a kan leda mai kauri ko dandamalin da ba ya yoyo, kaurin santimita 30 zuwa 45, ana juya ta don ta sha iska, ana riƙe ta da danshi ba jagab ba, a ƙara taki yadda kabon da naitrojin da fosfaras za su zo kusan 100 da 10 da 1. Bakteriyar da ke cikin ƙasar ce ke cin man. Idan man ya wuce miligiram 50,000 a kilo, yawansa kan hana su aiki, sai an sirka da ƙasa mai tsabta ko a kai ta injin da ke gasa ƙasa ya kori man. Shimfiɗa ba leda a ƙasa, ba magudana a gefe, mayar da gurɓata ne daga wani wuri zuwa wani.

Man da ke kwarara ana tsame shi daga rijiya da ƙaramin famfo mai jan mai ya bar ruwa. Wasu sukan sauke ruwan don man ya gangaro rijiya, amma in aka sauke shi da yawa, man zai bi shi ƙasa ya shafe yankin da a da yake da tsabta.

Ga fetur a ƙasa mai yashi, zuƙe tururi ya fi ba da sakamako: injin yana jan iska daga rijiyoyin da ke saman ruwa, iskar ta ɗauko sinadarai masu tashi, a bi da ita ta cikin gawayin tacewa ko a ƙone ta. Sau da yawa ana haɗa shi da hura iska a ƙarƙashin ruwa, kumfar ta tashi da benzin, ta kuma kai oksijin. Hura iska ba tare da zuƙewa ba haɗari ne, domin tana iya tura tururin zuwa ƙarƙashin gidaje. Yumɓu ba ya barin iska ta ratsa, dizal ba ya tashi sosai, ruwa mai yawan narkakken ƙarfe kuma yana toshe rijiyar da tsatsa.

Jan ruwa a tace shi a sama ita ce hanyar da aka fi dogara da ita a shekarun 1980. Tana da kyau wajen tsare jela kada ta ci gaba. Wajen gamawa ne take da rauni. A watannin farko awo kan faɗi da sauri, sannan ya tsaya cak a wani mataki, saboda man da ya maƙale yana sakin guba kaɗan-kaɗan. A kashe famfo, bayan 'yan watanni awon ya sake hawa. Wani nazari da majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar a 1994 ya duba wurare 77 da ake wannan aiki, ba duka na mai ba, ya samu 8 kacal aka ba da rahoton sun kai matakin da aka sa musu.

Akwai kuma allurar sinadarai masu ƙone man a cikin ƙasa, irin su fasalfet da haidrojin feroksaid. Suna aiki ne kawai inda suka taɓa man, kuma ruwan allura yana bin hanya mai sauƙi ya kauce wa yumɓun da man ya ɓuya. Feroksaid yana haifar da zafi da iskar gas, don haka ba a wasa da shi kusa da tanki ko bututu. Yawanci sai an maimaita allurar.

## Taƙaddamar "a bar shi ya lalace da kansa"

A nan gizo ke saƙa. Bakteriya na cin BTEX, wannan ba gardama. Tana bukatar kusan miligiram 3 na oksijin don ta cinye miligiram ɗaya, ruwa kuwa ba ya riƙe fiye da miligiram 8 zuwa 9 a lita, saboda haka oksijin kan ƙare da wuri a tsakiyar jela. Daga nan wasu bakteriyar su koma amfani da naitret, sai ƙarfen jikin ƙasa, sai salfet, a ƙarshe su riƙa fitar da iskar metan, kowane mataki ya fi na baya jinkiri. Wannan jeri yana barin sawu da ake iya aunawa: oksijin da naitret da salfet sun yi ƙasa a cikin jela, narkakken ƙarfe da metan sun yi sama.

Masu goyon bayan barin aikin ga ƙasa suna kafa hujja da wani rahoton cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka na 1995, wanda ya duba wuraren yoyon tanki a jihar Kalifoniya ya ga jelar benzin ba kasafai take wuce mita 75 ba. Takan miƙe, ta tsaya inda cin bakteriya ya yi daidai da abin da tushe ke saki, sannan ta fara janyewa. A ganinsu, kashe maƙudan kuɗi a kan jelar da ba ta zuwa ko'ina yana hana a kula da wuraren da ke da haɗarin gaske, ga shi injuna da manyan motocin ɗaukar ƙasa su ma suna da tasu ɓarnar.

Masu adawa ba su rasa nasu misalan ba. Shekara ɗaya bayan wancan rahoto, a 1996, birnin Santa Monica na jihar Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa saboda MTBE, sinadarin da ake ƙara wa fetur a can a lokacin, wanda ke narkewa ƙwarai, yake tafiya kusan da saurin ruwa, bakteriya kuma ba ta cin sa da sauƙi. Fetur mai etanol ma yana canza lissafi, domin bakteriya kan fara cin etanol ta ƙarar da oksijin, benzin ya sami damar yin nisa. A Bemidji ta jihar Minnesota a Amurka, inda bututu ya zubar da kusan lita miliyan 1.7 na ɗanyen mai a 1979, jelar ba ta yi nisan da aka ji tsoro ba, amma bayan shekara 40 man na nan a ƙasa, kuma canjin da ya kawo ya sa sinadarin asenik mai guba na jikin ƙasa ya narke cikin ruwa. A yankin Ogoni na Najeriya, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce hanyar juya ƙasar sama a bar sauran ga yanayi ba ta yi aiki ba: an samu mai a zurfin mita 5 a wurare da dama, a Nisisioken Ogale kuma an samu benzin ninki 900 na iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan da mutane ke sha, da man da ya kai kaurin santimita 8 a saman ruwan. Rahoton ya ƙiyasta gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Idan aka ɗora hujjojin a kan juna, saɓanin bai kai yadda ake zato ba. Umarnin da EPA ta fitar a 1999 bai amince da barin wuri haka kawai ba. Ya nemi a magance tushe, a nuna da alƙaluma cewa gubar na raguwa, a ci gaba da awo, a kuma tanadi abin da za a yi in hasashen ya ci tura. Inda waɗannan sharuɗɗa suka cika, hanya ce ta gaskiya. Inda ba a kafa rijiyoyi ba, ko aka daina awo bayan shekara ɗaya, suna ne kawai aka ba wa rashin yin komai.

A ƙarƙashin wannan akwai tambayar iyakar tsabta. Wasu dokoki suna sa lamba ɗaya ga kowane wuri, abin da ke da sauƙin bincika da wuyar murɗawa, amma yakan yi tsauri a wani wuri ya yi sassauci a wani. Wasu suna duba haɗarin kowane wuri: akwai tushe, akwai hanyar da gubar za ta bi, akwai wanda za ta iska? In an yanke ɗaya daga cikin ukun, sai a rufe fayil ko da sauran mai. Wannan ya fi dacewa da kimiyya, sai dai yana jingine da zaton cewa ba wanda zai haƙa rijiya ko ya gina gida a wurin gobe, zaton da ba ya tsayawa inda ba a bin tsarin gari.

## Abin da ya shafi mai rijiya da maƙwabci

Hanci ba ma'auni ba ne. Toluwin da zailin da MTBE sukan ba da wari ko ɗanɗano tun kafin su kai matakin cutarwa, amma benzin a maikrogiram 10 ko 50 ba ya wari. Ruwan da ke warin mai a daina shan sa nan take. Wanda ba ya wari kuma, kusa da wurin yoyo, gwaji ne kaɗai zai wanke shi. Tafasawa tana tura benzin cikin iskar ɗaki ne, haka ma wanka da ruwan zafi a rufaffen banɗaki. Matatar gawayi tana kama BTEX, amma idan ta cika tana sakin sa ba tare da wata alama ba, shi ya sa ake jera biyu a gwada ruwan da ke tsakaninsu. Bututun ruwan sha na roba da ya ratsa ƙasa mai fetur yana iya barin sinadaran su shige ta jikinsa ko bai fashe ba.

Tururi yana da haɗari iri biyu. Na shaƙa a hankali, wanda ƙasa mai iska kan rage ƙwarai: jagorar EPA ta 2015 ta ɗauki tazarar kusan mita 2 na tsabtatacciyar ƙasa tsakanin gini da narkakkiyar jela, ko kusan mita 4.5 tsakanin gini da man kansa, a matsayin wadda galibi ta isa. Sai na fashewa, domin tururin fetur yana kamawa da wuta daga kashi 1.4 cikin 100 na iska. A Afrilun 1992 fetur da ya shiga magudanar ƙarƙashin birnin Guadalajara na Meziko ya fashe ya kashe mutum sama da 200. Warin fetur a magudana, ko ramin bayan gida, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, lamarin gaggawa ne: ba kunna wuta, ba taɓa makunnin lantarki.

Girman hukuma ba ya hana aukuwar abin. A Nuwamban 2021 man jirgin sama daga ma'ajiyar sojan ruwan Amurka ta Red Hill a Hawaii ya shiga ruwan famfon da kusan mutum 93,000 ke amfani da shi, abin da ya kai ga umarnin rufe ma'ajiyar a 2022.

Batun wa zai biya, ƙa'idar da yawancin dokoki suka ɗauka ita ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa. A aikace, yoyon kan bayyana bayan wurin ya canza hannu, ko mai shi ya karye, ko gidajen mai biyu suna kallon juna kowa na nuna ɗan'uwansa. Gwajin da ke bambanta irin man da shekarunsa yana taimakawa, amma ba kullum yake yanke gardama ba. Amurka ta kafa asusu a 1986 da harajin kashi ɗaya cikin goma na senti a kan kowane galan, don wuraren da ba a samu mai biya ba. Mai sayen filin da aka taɓa ajiye mai a kansa, in bai sa an gwada ƙasa da ruwa kafin ciniki ba, yana iya gadon alhakin tare da filin.

Idan aka sanar cewa an kammala tsaftace wuri, takardar rufewar ita ce abin nema. Ya kamata ta nuna taswirar rijiyoyin da inda ruwa ya nufa, da awon benzin na kowace rijiya ɗaya-ɗaya a jere bisa kwanan wata, ba jimillar mai kawai ba, da sakamakon aƙalla shekara guda bayan an kashe injuna, wanda ya haɗa damina da rani. Ta kuma faɗi yawan man da aka bari, da sharaɗin da aka ɗora wa filin, kamar hana haƙa rijiya ko gina gidan kwana, da wanda zai ci gaba da duba rijiyar gadi, da lambar da in awo ya kai ta za a sake buɗe fayil ɗin.